Tambaya da Amsa: Ruwa a Tankin Kwalekwale da Maganin Kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja da kaya a Kogin Kwara da kwalekwale mai inji. Bara na sayi Yamaha mai ƙarfin doki 40, na hannu, an liƙa masa wata takarda mai rubutun E10. Tun da damina ta sauka yake shaƙewa, wani lokaci ya mutu mana a tsakiyar ruwa. Wani ya kawo mini magani a kwalba, wai in na zuba a tanki zai shanye ruwan da ke cikin mai. Mene ne E10, kuma in sayi maganin? Daga wani mai karatu a Yawuri, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare ka da waɗanda kake ɗauka. Riƙe kuɗinka tukuna.

E10 fetur ne da aka haɗa da kashi 10 cikin 100 na etanol, wato barasar da ake tatsa daga amfanin gona. A Amurka daga masara ake yin ta, kuma kusan duk man gidajen mai na can haka yake. Brazil kuwa da rake take yi, tana zuba fiye da kashi 25. Takardar nan tana gaya maka injinka zai jure har kashi 10, kada a wuce. Can Amurka doka ma ta hana zuba mai kashi 15 a injin jirgin ruwa. Mu a nan, Najeriya ta fitar da manufar haɗa E10 tun 2007, sannan ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai metanol (wata irin barasa) fiye da ƙima, ya lalata wa mutane motoci. Wanda ke sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu ai bai san me aka ba shi ba.

Aibin barasa shi ne son ruwa. Tana zuƙar laimar iska ta hancin tanki, wato 'yar kafar shan iskarsa, balle a kan kogi da damina. E10 yana iya riƙe ruwa kamar rabin kashi ɗaya cikin 100. Da ya wuce haka sai ruwan ya janye barasar su kwanta tare a gindin tanki, fetur ya taso sama, yadda mai ke tasowa a kan miya. To bakin tiyon da ke zuƙar mai a gindin yake. Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin injinka, wanda ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, shi ne baƙin man yana bin feturin sama. Abin da injin ke sha daga ƙasa ba maiƙo a cikinsa ko kaɗan. In ya mutu nan take, ka yi sa'a. In ya ci gaba da tafiya a haka, fistin ne zai ci.

Maganin kwalba iri biyu ne. Akwai mai hana fetur tsufa da yin danƙo, yana da amfani in za ka ajiye kwalekwale wata da watanni, da sharaɗin a zuba shi tun man yana sabo. Na biyun, mai sunan shanye ruwa, da yawansu barasa ce zalla a ciki, ka ga ƙari kenan a kan abin da ya dame ka. Ba kwalbar da ke mayar da man da ya riga ya rabu. Juye shi za ka yi, kuma don Allah kada a kogi, mutane na sha, masunta na ci daga nan.

Gwada manka da kanka kafin ka haɗa baƙin mai. Samu farar kwalba, zuba ruwa kamar faɗin yatsa biyu, yi alama a daidai bakin ruwan, ƙara fetur ninki tara, rufe, girgiza sosai, ajiye minti goma nesa da wuta da masu taba. In ruwan ya haura alamar, akwai barasa a man. In ya tsaya inda yake, to ruwanka daga jarka yake shiga, ko murfin tanki ya saki, ko ruwan sama.

Yanzu dai wanke tankin ka shanya shi, a kwance kafireta a wanke, a duba fulogi. Murza tiyon mai da famfon hannun nan na roba: in sun yi tauri, ko sun yi laushi suna barin baƙi a yatsa, sauya su, domin barasa na cin tsohuwar roba daga ciki. Sa a ɗaura maka filta mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, mai ƙoƙo garai-garai a ƙasa, ka riƙa leƙa shi kowace safiya. Kuɗin kwalbar can gara su tafi nan. Da ka tashi aiki ka murɗe hancin tanki, da safe ka tuna ka buɗe. Baƙin mai kuma na injin ruwa za ka nema, mai alamar TC-W3. Yawancin irin injinka kashi 1 ne cikin 50, wato rabin lita a lita 25, amma tabbatar da abin da littafin injin ya ce. Kada ka haɗa man da ya wuce wanda za ka ƙone cikin mako biyu.

Har sai ka ga injin ya yi tafiyar gwaji lafiya lau a kusa da gaɓa, ba kowa a ciki, kada ka ɗauki fasinja.