Janaretanmu na biyu yana yawan ficewa daga layi: mu cire rilen kariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne ke kula da ɗakin wuta na wata masana'anta, muna da janaretocin dizal biyu masu ƙarfin kVA 1000 kowanne, waɗanda muke haɗawa a layi ɗaya. Kwanan nan na biyun yana yawan ficewa, musamman da daddare bayan an kashe manyan injinan aiki, kuma allon yana nuna cewa rilen juyawar wuta, wato na'urar kariya da ke cire janareta idan ya koma shan wuta maimakon bayarwa, shi ne ya buɗe bireka, makunnin da ke haɗa janaretan da layi. An saita rilen a kashi 5 cikin 100 na ƙarfin janaretan. Mai gyaran da aka kawo ya ce rilen ne ya cika tsoro, a zare wayoyinsa kowa ya huta, shugabannina kuma sun matsa mini lamba in yarda. Hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kada ka bari kowa ya taɓa rilen nan. Lokacin da matsalar ke faruwa ya riga ya nuna inda ta fi yiwuwa ta fito, wato gwamnonin injinan biyu ba su daidaita ba. Ka san gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji ta hanyar ƙara ko rage dizal, shi ne ke raba kilowat tsakanin janaretoci, AVR kuwa, mai daidaita boltej, ba ruwansa da wannan rabon, don haka kada a ɓata lokaci ana murza shi. A ce kowane inji an ba shi durup na kashi 4 cikin 100, wato gudunsa yana sauka daga hez 52 ba lodi zuwa hez 50 a cikakken lodi. Idan na biyun ya zame ya koma farawa daga 51.5, wannan rabin hez kaɗai zai sa ya riƙa ɗaukar kilowat 200 ƙasa da ɗan'uwansa, tun da kVA 1000 kilowat 800 yake bayarwa. Da rana ba wanda zai lura, domin lodi yana da yawa. Da daddare kuwa, idan buƙatar masana'antar ta sauko zuwa kilowat 80, na farko zai ɗauki 140, na biyu kuma ya koma yana shan 60 daga layi, alhali iyakar da aka sa wa rilen kilowat 40 ce. Rilen ya ga gaskiya, ya kuma yi aikin da aka ajiye shi dominsa.

Toshewar filatar mai, iska a cikin bututun dizal, ko sakin wayar raba lodi tsakanin na'urorin sarrafawa duk suna iya kawo irin wannan. Idan an taɓa wayoyin fanel kwanan nan, a duba ko an juya ƙafafun CT, wato ƙaramar taransifomar da ke auna wa rilen wutar da ke wucewa.

Shawarar mai gyaran nan ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta, kuma ba ta fitowa sai daga bakin wanda bai fahimci abin da rilen ke karewa ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan inji ya daina ba da ƙarfi, janareta tsayawa zai yi. Ba haka abin yake ba muddin birekarsa tana rufe. Altanetar, wato ɓangaren da ke samar da wuta, tana komawa na'urar da wuta ke juyawa, ta ja wuta daga ɗaya janaretan, ta ci gaba da juya injin a kan gudunsa na 1500 a minti, ko da ɗigon dizal ba ya shiga. Mai gadin dare zai leƙo ya ji ƙara kamar kullum, ya ga mitar boltej da ta hez suna nan daram, ya koma ya zauna.

To ka ɗauka abin da ya tsayar da man dizal ɗin shi ne faɗuwar matsin man juye. Na'urar injin ta rufe dizal domin ta cece shi, amma idan umarnin buɗe bireka bai isa ba, rilen juyawar wuta, mai lamba 32 a jikin zanen fanel, shi ne kariyar da ta rage. Idan an zare shi, karanshaf zai ci gaba da juyawa a kan busassun metal, wato ƙarafan da yake zaune a kansu, har su narke, kuma cikin 'yan mintuna injin ya buga. Idan kuma dizal yana ɗan shiga ba ya ƙonewa sosai, taruwa yake yi a bututun hayaƙi, inda zai iya kamawa da wuta. A manyan tashoshin wuta masu injin tururi, juyawar wuta da ba ta kai kashi 3 cikin 100 na ƙarfin injin ba ta isa ta sa fikafikan injin su yi zafin da zai lalata su, shi ya sa babu injiniyan tashar da zai saurari irin wannan magana ko da wasa. Ban ga dalilin da zai sa a raina injin masana'anta don kawai ya fi nasu ƙanƙanta ba.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi ran mai zare wayar kansa. Wasu daga cikin wayoyin da ke shiga rilen daga CT suke fitowa, kuma CT ba a buɗe ɓangarensa na biyu, wato inda wayoyin nan ke fitowa, yayin da lodi ke bi ta cikinsa. Da zarar an zare wayar, boltej ɗin da ke bakinta yana iya haurawa zuwa dubbai, ya yi tartsatsi, ya ƙona rufin CT ɗin, ko ya kashe mai riƙe da sukudireba. Duk wanda ya ce a zare wayoyin rile bai ambaci haɗe bakin CT tukuna ba, bai cancanci a buɗe masa ƙofar fanel ba, ko shekara nawa ya ce ya yi yana aikin. Abin takaicin shi ne irin waɗannan masu gyara su ne ake yabo, domin wuta ta daina ɗaukewa a ranar, kuma lokacin da injin zai buga sun daɗe da karɓar kuɗinsu. Wasunsu ma ba sa zare waya, sai su ɗaga saitin zuwa inda rilen ba zai taɓa motsi ba, wanda a wurina ya fi muni, tun da mai dubawa zai ga fitilar rilen a kunne ya zaci akwai kariya.

Ka nemi a kunna kowane inji shi kaɗai ba lodi, a rubuta hez ɗinsa, a sake rubutawa bayan an ɗora masa lodi, sannan a daidaita gwamnonin su zama ɗaya. A canza filatar mai, a fitar da iska. A gwada rilen da na'urar gwaji domin a tabbatar yana buɗe bireka a kan saitinsa, kuma kada a sauya kashi 5 ɗin nan ko daƙiƙun jinkirinsa sai da takardar kamfanin da ya ƙera injin. Da daddare ku kashe janareta ɗaya gaba ɗaya, domin injin dizal ba ya son daɗewa a ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa. Idan shugabanninka suka nace sai an cire rilen, ka rubuta musu ƙin amincewarka da dalilanka, ka sa hannu da kwanan wata, ka ajiye kwafi.