Amsa ga mai tambaya kan rauni a wurin aiki

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce abokin aikinsa ne ya kunna injin niƙa hannunsa na ciki, mai gida kuma ya ce babu ruwansa. Wannan magana ba daidai ba ce. A dokar Nijar, raunin da aka ji a bakin aiki hatsarin aiki ne, ko sakacin wa ya jawo shi. Wajibi ne mai gida ya sanar da CNSS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, cikin awa 48, ita ke ɗaukar nauyin magani da diyya. In bai yi masa rajista ba, laifin nasa ne. Ku riƙe takardar likita, ku nemi shaidu, ku je ofishin sufeton aiki nan Maradi. Kar ku yarda da sulhun baki kawai.