Tambaya da Amsa: A rubuta zaɓin da zai iya lalata manhaja, ko a yi shiru da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin masu ba da gudummawa ga wata babbar manhajar kwamfuta buɗaɗɗiya, irin wadda kowa ke iya ganin rubutunta ya gyara. Muna da wasu zaɓuɓɓuka da ake kunnawa lokacin harhaɗa manhajar, wato mayar da rubutunta zuwa shirin da na'ura ke iya gudanarwa, waɗanda idan mutum bai san abin da yake yi ba za su iya hana kwamfutarsa tashi ko su raunana tsaronta. Wasu a cikinmu sun ce kada a saka su a littafin jagora, don wanda bai san da su ba ba zai taɓa su ba. Wasu kuma sun ce ɓoyewa rashin gaskiya ne. Ina ka tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na tsaya a kan a rubuta su, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi rubutun wuya.

Masu cewa a yi shiru ba shirme suke faɗa ba. Duk abin da ya shiga littafin jagora, mutane na ɗaukarsa a matsayin abin da aka yarje musu. Mutum zai kunna, na'urarsa ta rikice, ya aiko da rahoton matsala, masu aikin sa kai su ɓata kwanaki suna bin diddigi, daga baya su gano shi ne ya jawo wa kansa. Masu OpenBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta buɗaɗɗe, sun daɗe da yanke wa kansu wannan wahalar: suna faɗa a fili cewa kanel ɗin da suka fitar, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'ura, wanda suke kira GENERIC, shi suke goyon baya, wanda ya ƙera nasa daban ya ji da kansa. Amma ka lura, ba su ɓoye hanyar ƙerawar ba. Iyakar alhakinsu kawai suka shata.

Inda hujjar shiru take rushewa shi ne, manhajarku a buɗe take. Zaɓin yana nan a cikin fayil, duk wanda ya iya bincike da grep, shirin neman kalma cikin fayiloli, zai tono shi cikin minti guda. Wanda ya tono kuma ba ya riƙewa, sai ya rubuta a shafinsa ko ya yi bidiyo cewa ga sirrin da zai ƙara wa kwamfutarka gudu. Kun ga an rubuta bayanin ke nan, sai dai ba ku kuka rubuta ba, kuma an cire gargaɗin. Masu kwafa su kwafa, shekara biyar ana yawo da layin nan ba wanda ya san illarsa.

Ɗauki misalin -ffast-math na GCC, manhajar da ke mayar da rubutun masu shirye-shirye zuwa abin da na'ura ke ganewa. Sunansa kaɗai yana jan hankali, wa ba ya son lissafi mai sauri? Abin da yake yi shi ne ya ba GCC damar sauya jerin lissafi, ya kuma ɗauka cewa sakamako marar ma'ana, irin wanda ake samu idan an raba sifili da sifili, ba zai taɓa faruwa ba. Saboda haka layin da mai shiri ya rubuta don kama irin wannan kuskure yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Littafin GCC ya faɗi cewa zaɓin na iya ba da amsa ba daidai ba, kuma wannan gargaɗin ya tserar da masu karantawa. Amma akwai wata illa da mutane da yawa ba su sani ba sai da ta cije su: idan aka yi amfani da wannan zaɓi wajen harhaɗa shared library, wato ƙunshin rubutun da shirye-shirye da yawa ke amfani da shi tare, yana sauya yadda na'ura ke lissafin ƙananan lambobi ga duk shirin da ya loda shi, ko da shirin bai nemi haka ba. Sai a GCC 13, a shekarar 2023, aka daina wannan. Illar da aka bayyana sosai an kauce mata, wadda ba ta fito fili ba ita ta yi ɓarna.

To, yaya za a rubuta? A nan ne ake yawan yin kuskure. Manna kalmar "haɗari" a kan zaɓi ba bayani ba ne. Masu kanel ɗin Linux sun gwada haka: shekaru suna da wani maɓalli mai suna CONFIG_EXPERIMENTAL, wanda sai ka kunna shi kake ganin abubuwan da ke matakin gwaji. Da tafiya ta yi nisa, abubuwa masu amfani da yawa suka taru a bayansa, har ya zama kusan kowane mai rarraba Linux yana kunna shi. Gargaɗin da kowa ke tsallakewa ya tashi daga gargaɗi, don haka a 2013 aka cire shi. Ku dubi takardar da ke cikin kwalin magani: ba ta tsaya a "yi hankali" ba, tana faɗin wanda bai kamata ya sha ba da abin da zai same shi idan ya sha.

Haka bayaninku ya kamata ya kasance. Ku faɗi ainihin abin da zai karye, da wanda aka yi zaɓin dominsa, da ko kuna gwada shi ko ba ku gwadawa, da ko za ku karɓi rahoton matsala daga wanda ya kunna. FreeBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin OpenBSD, na da tsari mai kyau a nan. Shafin jagora na src.conf, fayil ɗin da ake saka zaɓuɓɓukan harhaɗawa, ba da hannu ake tsara shi ba, wani ɗan shiri ne ke tattara bayanin kowane zaɓi, ya kuma lissafo sauran zaɓuɓɓukan da yake tilastawa. Idan ka duba WITHOUT_CRYPT, za ka ga yana jawo cire OpenSSL, mai rufa sirrin bayanai, da OpenSSH, mai ba da damar shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH. Mai kula da sabar da ke nesa da shi, wanda ta SSH kaɗai yake shiga, wannan layin ɗaya ya ishe shi ya janye hannunsa.

Akwai kuma rukunin da ban ce a rubuta ba: zaɓin da ya riga ya mutu, wanda ba ya harhaɗuwa ko ba mai kula da shi. Wannan ba bayani yake buƙata ba, toshewa ko sharewa yake buƙata. A Linux ana sa irin wannan ya dogara da BROKEN, sai ya ɓace daga jerin zaɓi har wani ya gyara. Idan kun ga kuna jin kunyar rubuta gaskiyar wani zaɓi, yawanci alama ce cewa bai cancanci zama cikin manhajar ba.

Abu na ƙarshe, ku sa manhajar ta riƙa tona asirin yadda aka harhaɗa ta. Masu Gentoo, wani nau'in Linux, kan nemi sakamakon umarnin emerge --info tare da rahoton matsala, inda ake ganin zaɓuɓɓukan da mutum ya saka. Wannan shi ke magance ƙorafin abokan aikinka na ɓata lokaci, ba shiru ba.

Tambaya: Malam, ni waya kawai nake amfani da ita, amma na sauke wata Android da wani ya harhaɗa da kansa na saka. Wannan magana ta shafe ni?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ana harhaɗa Android iri uku: user, wadda ake sayar da wayoyi da ita, da userdebug da eng, waɗanda aka sassauta wa tsaro don masu gwaji. Shiga saitin wayar, wajen bayanin waya, ka karanta lambar ginin. Idan ka ga test-keys a ƙarshenta, an sa wa manhajar hannu da makullan gwaji da ke cikin rubutun Android a buɗe, waɗanda kowa zai iya saukewa. Ma'ana wani na iya ƙera muguwar manhaja da makullin nan, wayarka ta ɗauke ta kamar ɓangaren tsarinta ce. Takardun Android sun yi gargaɗi a kan fitar da irin wannan ga jama'a, amma ba duk mai rarrabawa ke gaya wa masu saukewa ba. Duba kuma ko SELinux, ɓangaren tsaron da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, yana kan enforcing, wato yana hana keta doka. Idan permissive ne, yana rubuta laifi ne kawai ba ya hanawa. In ka tarar da ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka buɗe manhajar banki a wayar har sai ka koma ginin da aka sa wa hannu da makullin sirri.