Amsa: Ya dace mu hana su gina coci a unguwarmu?

Malam, ka tambaya ko ya dace ku taru ku hana Kiristocin unguwarku gina coci. Ni dai ban goyi baya ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin ibadarsa, kuma ba duka Kiristocin Kano ne baƙi ba, akwai Hausawa 'yan ƙasa cikinsu. A ce mazaunin Hotoro sai ya biya kuɗin Adaidaita Sahu zuwa Sabon Gari duk Lahadi? Ka tambayi dattawa irin ɓarnar da rikicin cocin Fagge ya jawo a 1982.

In ƙarar lasifika ce damuwarku, ku zauna da mai unguwa da fastonsu a tsayar da lokaci, su kuma su nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.