Ma'anar "budurwa" da tsohuwar fassarar Girkanci

Wani mai karatu daga Kafanchan ya ce ya ji masu gardama suna cewa kalmar "budurwa" da ke Matiyu 1:23, inda aka kawo annabcin Ishaya 7:14 cewa budurwa za ta yi ciki ta haifi ɗa, kuskure ce da aka gado daga tsohuwar fassarar Girkanci ta littattafan Tsohon Alkawari. Yana son sanin abin da kalmar take nufi a Hausa, da kuma ko fassarar abar dogaro ce.

Malam, a bakin Bahaushe budurwa ita ce yarinyar da ta isa aure amma ba a kai ta ɗakin miji ba, shi ya sa ake cewa "samari da 'yan mata", kuma saurayi kan ce "budurwata" yana nufin wadda yake nema. Rashin sanin namiji abu ne da ake kyautata zato a kanta, daga nan ne "budurci" ya samu ma'anarsa, amma idan ana son tabbatarwa sai an ƙara da cewa ba ta taɓa sanin namiji ba.

Kalmar Ibrananci da ke Ishaya, wato almah, kusan haka take, domin matashiya take nufi. Masu fassarar Girkanci suka zaɓi parthenos, wadda ta fi karkata ga wadda ba ta san namiji ba, ko da yake su ma ba su tsananta ba, tun da a Farawa 34:3 sun kira Dinatu 'yar Yakubu da ita bayan an riga an keta mata haddi. Daga baya, a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, wani mai fassara mai suna Akila ya sake fassara littattafan zuwa Girkanci kalma da kalma, ya sa neanis, wato matashiya kawai.

Ita tsohuwar fassarar, da ake kira Seftuwajinta ko "ta mutum saba'in", an fara ta ne a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda Yahudawan birnin sun fi jin Girkanci. Wani tsohon rubutu da ake kira Wasiƙar Aristiyas ya ce Sarki Batlamiyus na Biyu ya kira dattawa 72 daga Urushalima, shida daga kowace ƙabila, suka gama aikin cikin kwana 72, sai dai masana sun daɗe da gane cewa an rubuta wasiƙar ne bayan zamanin sarkin domin a ɗaukaka aikin. Littattafan Attaura biyar kaɗai aka fara fassarawa, sauran kuwa mutane daban-daban ne suka yi su a ƙarnonin da suka biyo baya, don haka ba a yi mata hukunci da baki ɗaya: mai fassara Ishaya ya saki hannu sosai, masu Attaura kuwa sun fi bin sawun Ibrananci.

An daɗe ana zargin mai fassara Irmiya da yanke nassi, domin nasa ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Amma gani ya kori ji: cikin tsofaffin rubuce-rubucen da aka fara tonowa a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947 an samu gutsuren Irmiya na Ibrananci da ya dace da gajeren nassin, abin da ya nuna cewa mutumin wani kwafi na daban ne a gabansa. A Ishaya 7:14 kuwa babban naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a Kumran almah ya rubuta, saboda haka bambancin da ke wannan aya daga zaɓin mai fassara ya fito.