Tsakanin Aya da Waƙafi

Wata ɗaliba da ke rubuta kundin digirinta na farko ta aiko daga Gusau. Ta ce malamin da ke duba aikinta ya mayar mata da babi guda, duk ya cika gefen takarda da jan biro, yana cewa ba ta san inda ake sa waƙafi ba. Tana tambaya: mene ne asalin kalmar, kuma ina ne muhallinta?

'Yata, tambayarki ta yi mini daɗi, domin amsar tana cikin kalmar kanta. Waƙafi daga Larabci muka aro shi, daga waƙfu, wato tsayawa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san shi tun kafin ya riƙe biro: wurin da mai karatun Alƙur'ani zai ɗan dakata. Ita ma aya can ta samo asali. A Alƙur'anin rubutun hannu irin na alarammominmu, za ki ga ɗigo uku a ƙarshen kowace aya, ga kumsa bayan aya biyar, ga kuri bayan goma. Da boko ya zo, sai aka ɗauki sunan aka ba ɗigon da ke rufe jimla. Shi ya sa mai jawabi kan ce, “A nan zan dasa aya.”

Kuskuren da na fi gani a kundayen ɗalibai shi ne sa waƙafi duk inda numfashi ya ƙare. Sai ki tarar da sakin layi guda, layi goma sha biyu, waƙafi sai ka ce an watsa gero, aya ɗaya tak a can ƙarshe. Wannan yana damuna ƙwarai, don sau da yawa hujjar ɗalibin mai kyau ce, alamomin ne suka binne ta. Ma'ana ce ke kiran waƙafi. Dubi waɗannan:

Malam Audu ya iso.
Malam, Audu ya iso.

A ta farko mutum ɗaya ne, kuma shi ya iso. A ta biyu mutum biyu ne, ana shaida wa Malam zuwan Audu. Ki karanta babin naki da ƙarfi. Inda magana ta cika ta tsaya da ƙafarta, ɗiga aya ki fara sabuwa da babban baƙi. Inda za ki kawo jerin abubuwa, sa ruwa biyu. Maganar wani kuwa, in kin ɗauko ta kalma da kalma, ki killace ta da alamar zancen wani, ki sa sunansa da shekara cikin baka biyu. Rashin yin haka satar fasaha ce a idon masu jarrabawa.

Wani mai karatu daga Maraɗi kuma ya tambaya ko ayar da ke cikin “ya yaba wa aya zaƙi” ita ce ta rubutu. A'a, malam. Wannan ayar ci ce, wadda ake kunun aya da ita, kuma ana faɗin haka ga wanda ya sha wuya. Wasalin farko na ayar rubutu dogo ne, na ayar ci gajere. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, sai jimlar ta raba maka gardama.