Rawaya ba shaida ba ce wajen ware kifin tuna

Ɗana, jiya muna sauke kaya a tashar masunta ta Tema da ke Gana ka ce mini: "Baba, ƙananan nan duk kamarsu ɗaya, kowanne da rawaya a jikinsa, ta yaya kake ware su?" Hayaniya ba ta bar ni na amsa maka ba. Zauna ka ji.

Kifin tuna iri uku ne abincinmu a wannan teku na Gini: sikijak, yalofin, wato mai rawayan fiffike, da bigai, wato mai babban ido. Sikijak ba ya ba kowa wahala. Juya shi ka dubi cikinsa, za ka ga baƙaƙen ratsi huɗu zuwa shida a kwance, daga wajen kai zuwa wutsiya. Akwai wani ɗan uwansa mai zane a murɗe a gadon baya da ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙarƙashin fiffiken gefe, kada ka haɗa su. In zanen a baya yake, ba sikijak ba ne.

Babban yalofin ma da kansa yake faɗin sunansa. Fiffikensa na biyu na baya da na ƙasa sukan yi tsawo su lanƙwashe kamar lauje, rawaya kamar garin ɗorawa. Amma sai ya girma laujen ke fitowa. A ƙananan, masu kilo biyu zuwa biyar, waɗanda ke bin garken sikijak ƙarƙashin katakon da ake sakawa yana shawagi a ruwa, nan aikin yake. A wannan girma bigai ma yana da rawaya, idonsa kuma bai kai ya tona masa asiri ba. Ga shi in kifi ya kwana cikin ruwan gishiri mai sanyi a cikin jirgi, launi ya dushe, fiffike ya kakkarye. To da me za ka kama?

Fara da wutsiya, don ita sanyi ba ya canja ta. Sa babban yatsanka a tsakiyarta, inda ta rabu biyu. A yalofin za ka ji tsaga mai zurfi kamar an ɗan yanka da wuƙa, da tudu biyu a gefenta. A bigai wurin a shafe yake, ɗan lanƙwasa ne kawai kamar jinjirin wata. Ni ko da asuba, kafin gari ya waye, da yatsa nake ware su.

Sai jiki. Kwantar da su biyu masu tsawo ɗaya gefe da gefe. Bigai dunƙulalle ne, kansa babba, cikinsa a cike, wutsiyar ta zo da wuri. Yalofin siriri ne, jikinsa ya miƙe ya tafi a hankali. In kifin sabo ne dubi gefen ciki: yalofin yana da layuka masu yawa a tsaye, kusa da juna, layi ɗaya cikakke, na biye ɗigo-ɗigo, kamar ɗinkin hula. Na bigai 'yan kaɗan ne, a warwatse. Ƙananan fikafikan nan da ke jere zuwa wutsiya duk rawaya ne, amma baƙin da ya zagaye na bigai ya fi kauri. Fiffiken gefe kuma, in kifin ya ɗan tasa, na bigai dogo ne mai laushi da tsini, na yalofin gajere ne mai tauri.

In duk wannan bai raba maka gardama ba, hanta za ta raba. Ina yaro irinka maigidana ya farke guda biyu a gabana ya ɗora hantar a kan katako, har yau ina ganinsu. Hantar yalofin sumul take, ɓangarenta na dama ya fi sauran tsawo, siriri. Ta bigai kashi uku ce kusan daidai, gefenta duk zane-zanen jijiyoyin jini kamar an ja da tsinke. Za ka kuma ga jakar iskarsa babba, ta kusa cike ciki, alhali ta yalofin ba ta wuce rabi ba. Shi bigai da rana can ƙasa yake nitsewa cikin ruwan sanyi mai duhu, shi ya sa idonsa ya yi girma, namansa kuma ya fi maiƙo.

Abin da ya sa nake matsa maka ba kuɗi kaɗai ba ne. Hukumar ICCAT mai kula da kamun kifin tuna, da ke Madrid, wadda Gana take ciki, ta ƙayyade yawan bigai da za a kama a Atlantika, saboda an matsa masa. Duk ƙaramin bigai da ka jefa cikin kwandon yalofin, an rubuta ƙarya ke nan a littafi, kuma da wannan littafin ake auna abin da ya rage a teku. Mu da 'ya'yanmu a nan muke ci.

Gobe bayan sallar asuba ka zo da wuƙarka. Zan zuba maka goma a ƙasa, ka ware su da yatsa ba tare da ka duba launi ba, sannan mu farke biyu mu ga abin da hanta za ta ce.